Ta yaya kamfanonin katin gaisuwa masu zanen gwanaye suka kafu har suka bunƙasa?

Ɗan Tudun Wada:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ni mai zane ne a nan Kaduna, na yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kuma na daɗe ina tunanin buga zanena na hawan Sallah da na adon bangon gidajen birnin Zazzau a kan katin gaisuwa, maimakon in zauna jiran mai kuɗi ɗaya da zai sayi babban allo sau ɗaya a shekara. Bara na gwada buga guda 200 a wata maɗaba'a, sai jan alkyabbar mahaya ya fito kamar zoɓon da aka cika wa ruwa, har na ji kunyar nuna wa kowa. Ina roƙon masu sani su bayyana mini yadda kamfanonin da suka yi suna da irin wannan kati suka faro, da abin da ya ɗaga su.

Baba Mai Ɗab'i:

Wa alaikumus salam, ɗana. Na tsufa a bakin injin ɗab'i kafin in ajiye aiki, saboda haka ta wannan ƙofar zan shigo maka.

Katin Kirsimeti na farko da aka buga don sayarwa ya fito a Landan a 1843, lokacin da Henry Cole ya sa wani mai zane, John Callcott Horsley, ya zana masa katin Kirsimeti, aka buga guda 1,000, ana sayar da kowanne sule ɗaya. Shekara uku kafin nan Ingila ta mayar da kuɗin aika wasiƙa kwabo ɗaya zuwa ko'ina cikin ƙasar, wato hanyar kai kati ta riga katin kansa samuwa.

Amma wanda ya fi dacewa da tambayarka shi ne Louis Prang, Bajamushen da ya zauna a Boston ta Amurka, ya fara sayar da katinsa a can a 1875. Da dutse yake bugu, kowane launi da nasa dutsen, ta yadda takarda ɗaya kan bi ta ƙarƙashin duwatsu ashirin kafin ta kammala, don kawai abin da ya fito ya yi kama da abin da mai zane ya shafa da hannunsa. A 1880 ya fara shirya gasa tsakanin masu zane, wanda ya zo na ɗaya ya karɓi dala 1,000, kuma da wannan ne gwanayen da ke ganin kati ƙaramin aiki ne suka shigo. Duk da haka, da katuna masu araha daga Jamus suka cika kasuwa, sai ya haƙura da sana'ar, bai yarda ya rage ingancin aikinsa ba.

Shi kuwa Joyce Hall, wanda ya kafa kamfanin katin gaisuwa na Hallmark a Amurka, yana ɗan shekara 18 ya sauka Kansas City a 1910 da kwalin takalmi biyu cike da katunan da ya saro, wato dillali ne kawai. Da gobara ta cinye kayansu a 1915, shi da ɗan'uwansa suka sayi wata ƙaramar maɗaba'a suka koma buga nasu da kansu, kuma daga nan ne kamfanin ya miƙe, har ya kai ga buga zanen Norman Rockwell da na Winston Churchill bisa yarjejeniya. Abin da nake so ka gane shi ne Prang da Hall dukansu sun riƙe launi a hannunsu. Fuskar kwamfuta da haske take nuna launi, inji kuwa da tawada huɗu yake haɗa shi, shi ya sa janka ya koɗe. Nan gaba kada ka yarda a saki inji sai an fitar maka da gwaji a kan ainihin kwalin da za a yi aikin da shi, mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita, ka ɗora shi kusa da zanenka a hasken rana.

Hajiya Barnawa:

Baba, Allah Ya ƙara girma, bayaninka ya gamsar, sai dai ina ganin inji rabin labarin ne. Ina da shagon kayan kyauta, kuma abin da na lura da shi shi ne waɗannan kamfanoni da tarin zanen da suke da izinin bugawa suka yi arziki. Medici Society, da aka kafa a Landan a 1908, ta gina sunanta ne a kan buga kwafin zanen tsofaffin gwanayen Turai a farashin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya saya. Kamfanin Raphael Tuck, wanda ya fara a 1866, ya fito da jerin katunan Oilette masu kama da zanen fenti a 1903, amma da bama-baman Jamus suka ƙone hedikwatarsa a Disamban 1940 tare da ainihin zane-zanen da aka tara shekara da shekaru, kamfanin bai sake komawa matsayinsa na da ba.

Don haka, Malam, idan har kamfani kake nufi, zanenka kai kaɗai ba zai ishe ka ba, dole ka nemi na wasu, kuma a nan doka take shigowa. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 tana kare zane har shekara 70 bayan rasuwar mai shi. Uche Okeke ya rasu a 2016, Yusuf Grillo a 2021, dukansu 'yan ƙungiyar masu zane ta Zariya da aka kafa a 1958, saboda haka ba ka da ikon ɗora aikinsu a kati sai da izinin magada. Da abokan karatunka kuwa, ku rubuta komai a takarda: guda nawa za a buga, na tsawon wane lokaci, kaso nawa ne na mai zane.

Game da kasuwa, kada ka yaudari kanka da gidan waya, domin gaisuwar Sallah ta koma WhatsApp tuntuni. Masu sayen kati a wurina ofisoshi ne da ke haɗa shi da kyautar da suke rabawa, sai baƙi masu neman tsaraba. Kaduna kuma tana da wata fa'ida, tunda ana Sallah ana Kirsimeti, idan ka bar cikin katin babu rubutu zai shiga kowane gida. Wasu abokan cinikina ba sa son hoton abu mai rai, don haka dagi da zayyana da adon bango sun fi mahaya dawaki saurin fita.

Ɗan Tudun Wada:

Na gode, Baba, na gode, Hajiya. Zan fara da zane shida na adon bango, huɗu nawa, biyu na wata abokiyar karatuna, bayan mun sa hannu a takarda. Baba, guda 200 na kowanne ya isa a kai babban inji?

Baba Mai Ɗab'i:

Bai isa ba, ɗana, domin kuɗin farantan ɗab'i huɗu, ɗaya ga kowace tawada, da takardar da za ta lalace wajen daidaita launi za su cinye ribarka. Ka kai injin dijital tukuna, sai ranar da zane ɗaya ya ƙare aka dawo ana nemansa, sannan ka jera shidan tare a kan farantan ka buga 1,000 na kowanne.