Injin sare itatuwa a gangaren tsauni: igiya ce ke riƙe da shi ko ƙafarsa?

Mai Injin Haƙa, Garin Malam:

Assalamu alaikum. Shekara 11 ke nan ina tuƙa injin haƙa a aikin hanya da wuraren fasa dutse na kewayen Damagaram. Kwanan baya ƙanena ya turo mini bidiyo daga ƙasar Niyu Zilan, inda wani inji mai ƙafar sarƙa yake gangarowa daga tsauni yana sare itatuwa ɗaya bayan ɗaya, an ɗaura masa igiyar ƙarfe, ɗaya bakin igiyar kuma yana can sama a jikin wani injin da babu kowa a cikinsa. Na san ba mu da irin wannan daji a nan, kuma ko gawo ɗaya mutum ya taɓa ba izini sai ya haɗu da ma'aikatan gandun daji. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne shugaban aikinmu ya ga bidiyon, ya ce mu ma za a ɗaura injina a jikin buldoza in sauka wani gangare da muke so mu kwashi jar ƙasa. Tambayata: igiyar ce take ɗauke da nauyin injin, ko kuwa taimaka masa kawai take yi? Idan ta tsinke, me ke faruwa?

Tsohon Ma'aikacin Gandun Daji, Birni:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka yi daidai da ka tambaya tun kana kan tudu. Asalin wannan dabara a can tsoron mutuwa ne ya yaɗa ta. A shekarar 2013 mutum 10 suka rasu a aikin daji a Niyu Zilan, kuma aikin da ya fi cin rai a tsaunukansu shi ne na mai zarton inji da ke tsaye da ƙafarsa a gindin itace. Sai aka ga gara a sa mutum cikin ɗakin direba mai ƙarfafaffen rufi, wanda ko injin ya kife ko reshe ya faɗo masa ba zai lotsa ba, a kuma nemo hanyar da injin zai kai inda a da ƙafa kaɗai ke zuwa.

Su gangara da lissafi suke auna ta. Idan aka ce kashi 50 cikin 100, ana nufin a kowace mita 100 ta shimfiɗe ƙasa ta hau mita 50, wato kusan digiri 27, kashi 100 kuwa digiri 45 ne. Dokar jihar Oregon ta Amurka ta tsayar da injin jan gungume mai taya a kashi 30, mai ƙafar sarƙa a kashi 40, wanda aka ƙera musamman domin tsauni a kashi 50. Ka'idar da Turawa suka ɗora aikin a kai ita ce igiyar mataimakiya ce: tana hana ƙafar inji zamewa da tona ƙasa a banza, amma ya kamata injin ya iya tsayawa da kansa ko da igiyar ta saki. Ka ɗauke ta kamar igiyar turke. Doki da ƙafafunsa yake tsaye, turke ba ya ɗaukarsa.

Makanike, Sabon Gari:

Baba ya faɗi ka'ida, amma zan ɗan ƙara, domin a Niyu Zilan akwai wuraren da injin ya dogara da igiyar fiye da yadda ka'idar ta so, shi ya sa wasu na'urorinsu igiya biyu suke da ita a kan ganga biyu, idan ɗaya ta ci amana ɗayar ta riƙe.

Malam, abin da shugabanka bai gani a bidiyon ba shi ne wancan injin na sama ba turke kawai ba ne. Yana ɗauke da gangar naɗe igiya wadda take sakinta tana kuma janta da kanta, da ƙarfi daidai gwargwadon abin da direba ya saita, ta yadda igiyar ba ta yin sako-sako kuma ba ta wuce kima. Direban yana ganin nauyin da ke kanta a allo, yana ganin gangar ta kamara, kuma da injin sama zai motsa daga inda ya kafa bokitinsa ko bakinsa a ƙasa, nan take ƙararrawa za ta buga masa. Ba a ɗora wa igiyar fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyin da zai tsinka ta. Kusa da injin kuma sukan sa guntuwar sarƙa, saboda nan ne itace da dutse da zarto suka fi cin igiya.

Igiyar da aka ɗaura a buldoza kawai ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Za ta kwanta sako-sako yayin da kake aiki, ran da ƙasa ta zame maka kuwa, tan 20 ko fiye zai fizge ta a lokaci guda, kuma fizga ta fi ja a hankali nauyi nesa ba kusa ba. Ko igiyar ta tsinke, ko mahaɗin ya ɓalle, ko ka janyo buldozar ta biyo ka da direbanta. Ni a gareji, kafin in yarda da igiyar ƙarfe, tsumma nake bi da shi a jikinta daga farko har ƙarshe. Duk inda tsumman ya maƙale, silin waya ne ya karye ya miƙe kamar ƙaya. Ina roƙonka ka gwada haka da wadda suke so su ɗaura maka.

Wanda Ya Yi Ci-rani a Gabon:

Na yi shekaru ina jan gungumen okume a dajin Gabon. Mu injin yana tsayawa a wuri mai kyau, gungumen ake janyowa da igiya. Sau ɗaya na ga igiya ta tsinke a gabana: ƙara kamar bindiga, bakinta ya dawo ya tsage ganyaye da ƙananan rassa ya daki ragar ƙarfen da ke bayan kujerar direba. Injin haƙa na aikin hanya galibi ba shi da wannan raga. Sannan a kula da ƙasa, domin gangaren da ya riƙe ka da rani ba lalle ya riƙe ka bayan ruwan Agusta ba, kuma tsakuwa a kan shimfiɗaɗɗen dutse irin namu gangarawa take yi a ƙarƙashin sarƙa.

Mai Injin Haƙa, Garin Malam:

Na gode ƙwarai, Baba, da ku ƴan'uwa. Yau da safe na bi igiyar da tsumma kamar yadda aka ce, ya maƙale a wuri huɗu cikin ƴan mitoci na farko, na kuma nuna wa shugaban da idonsa. Na ba shi shawarar mu fara daga sama muna yanka gangaren hawa-hawa, kowane mataki ya zama shimfiɗa da injin zai zauna a kai kafin a sauka na gaba. Ya ce hakan zai ci gazuwal da kwanaki, amma ya yarda a auna gangarar tukuna, kuma mai awon zai zo ranar Asabar.