Ina so in yi bidiyo amma ba na son kyamara, ta ina zan fara?

Malamin Lissafi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 9 ina koyar da lissafi, kuma ina so in riƙa ɗora darussa a YouTube. Matsalar ita ce da na tsaya gaban kyamara sai bakina ya mutu, gumi ya karyo min. Sau huɗu ina ɗauka ina gogewa. Akwai yadda za a yi ba sai an ga fuskata ba? Tsohuwar laftof gare ni da waya, shi ke nan.

Mai Gyaran Kwamfuta:
Wa alaikumus salam Malam. Ai naka mai sauƙi ne, ɗalibin lissafi rubutu yake bi da ido, ina ruwansa da fuskarka? Haka Salman Khan na Khan Academy, shafin koyar da darussa a intanet, ya fara a 2006: baƙin allo, rubutu kala-kala, sai murya. Ka sauke OBS Studio, kyauta ne, yana naɗar duk abin da kake yi a kwamfuta haɗe da maganarka. In ya yi wa laftof ɗin nauyi, koma PowerPoint: ka jera darasin shafi-shafi, ka naɗi murya a kan kowanne, ka fitar da shi a MP4.

Maman Biyu:
Malam, ka fi damuwa da murya a kan hoto. Bidiyona na farko na naɗe shi fanka tana juyi a kaina, da na saurara kamar a bakin titi nake magana. Yanzu sai yara sun yi barci nake shiga ɗaki mai labule da katifa, don suna shanye amo, in kashe fanka, in kawo makirfon abin kunnena kusa da baki. Daga nan in rage sauran hayaniyar a Audacity, manhajar gyaran sauti. Mutane za su haƙura da hoto mai dishi-dishi, amma murya in ta yi kwaramniya, wucewa suke yi.

Hotuna masu motsi kuwa akwai na kyauta a shafukan Pexels da Pixabay. Kiɗa ka ɗauka a ma'ajiyar sauti ta YouTube, kada ka taɓa waƙar wani, Content ID, tsarin YouTube na gano kayan wasu, zai gano ta.

Malamin Lissafi:
Na gode ƙwarai. To in na bar muryar na'ura ta karanta min fa?

Mai Gyaran Kwamfuta:
Ni dai ban ba ka shawara ba. Kafin a fara biyanka kuɗin talla sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, sannan a duba tashar, kuma bidiyoyin da suka zama kamar an buga su da hatimi ɗaya ana iya ƙin amincewa da su. Ban da haka, na'ura ba ta san inda yaro ke rikicewa ba balle ta dakata ta maimaita. Kai da ka shekara 9 a aji ka sani.

Malamin Lissafi:
Gaskiya ne, wajen raba ɓangare da ɓangare, wato fraction, suke ɓata. Da shi zan fara yau da daddare, minti biyar kacal. Maman Biyu, zan kashe fankar.