Don Allah a taimaka, tantance suna ta hana ni cire kuɗina

Assalamu alaikum 'yan uwa. Sati 3 ke nan da na shiga wani dandalin sada zumunta mai biyan masu rubutu a cikinsa. Da farko abin ya burge ni ƙwarai, ina wallafawa maki na taruwa. Da na zo cire kuɗi sai aka ce sai an tantance ni. Sau 4 ina tura hoton takardar NIN ana dawo da shi, wai suna bai yi daidai ba. A takardar sunana uku ne har da na kakana, a dandalin kuwa biyu na rubuta, ga wurin gyaran suna a kulle. Na tura musu saƙo, shiru. Ina tsoron sake rajista kar wahalata ta tafi a banza. Wanda ya taɓa fuskantar haka, yaya ya yi?