Me ya raba rubutun bincike da na jarida?

Ɗalibi: Malamai, me ya sa ake dawo da kundin bincike a ce salonsa na jarida ne?

Malama: Hujja ce, ɗana. Duk iƙirarin da ba naka ba, ka sa sunan marubucin da shekarar bugu. A tsarin APA, wato ɗaya daga cikin ƙa'idojin nuna madogara a rubutun bincike, idan ka ɗauko kalamansa kai tsaye, ƙara lambar shafi. Sun kai kalma 40? Ware su a sakin layi daban.

Mai Nazari: An fi tuntuɓe a bitar ayyukan magabata. Jero "wane ya ce" bai wadatar ba. Nuna inda suka saɓa da giɓin da za ka cike.

Malama: Kuma ka bar "babu shakka". Tambayar mutum 50 ba ta wakiltar jiha guda.