Aji ya cika a waya, amma kamar da bango nake magana

Malamar Bayoloji, Kano: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah shawara nake nema. Na buɗe darasin yamma ta Zoom ga 'yan aji shida masu shirin WAEC da NECO, sau uku a mako. Yara 34 suka yi rajista. Makon farko kowa na ɗoki, yanzu muna mako na biyar, in 12 suka shigo sai in gode wa Allah. Su ma ɗin sunayensu kawai nake gani. Jiya na kwashe minti 25 ina bayanin yadda jini ke zagaya jiki, na ce wa zai gaya mini ɗakunan zuciya nawa ne, shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Na kira sunan wani yaro har sau uku, sai can na ji muryar mahaifiyarsa tana cewa ai ta aike shi sayo gawayi, wayar na nan kan taga.

Admin: Wa alaikumus salam. Ayya, sannu Malama. Ga malamai nan, a taimaka mata.

Malamin Lissafi, Zariya: Malama ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, minti 25 ɗin nan shi ne ciwon. A aji kina ganin idon yaro, kin san lokacin da ya tafi duniyar tunani, ki buga tebur ya dawo. A waya ba ki da tebur. Ni ba na wuce minti biyar ina magana ban sa su yin wani abu da hannunsu ba. Sannan ki daina cewa "wa zai gaya mini". Tambayar nan ta kowa ce, don haka ba ta kowa ba ce. Abin da nake yi shi ne in ce kowa ya rubuta amsarsa a wurin saƙo amma kada ya tura, sai na ƙirga uku. In na ce uku, amsoshi su zubo a tare. Ba mai kwafar na wani, kuma nan take nake gane wanda ya tafi sayo gawayi.

Malamin Lissafi, Zariya: Kuma minti 40 ɗin da Zoom na kyauta ke yankewa, na daina jin haushinsa. A 2020 da aka rufe makarantu saboda korona, in ya yanke sai in sake buɗe wani, rabi ba sa dawowa. Yanzu darasin nake ɗinkawa daidai wuyan rigar.

Tsohon Firinsifal: Ni a ganina a tilasta kowa ya kunna kyamara. Wanda bai kunna ba a fitar da shi. Yaro in ya san ana kallonsa yana shiga taitayinsa.

Hajiya mai Islamiyya, Kaduna: Baba, Allah ya ƙara girma, a nan kam ban bi ka ba. Ɗalibaina yawancinsu matan aure ne da 'yan mata. Wata a ɗaki ɗaya take da yara huɗu, wata tana bakin murhu. Ba kowa ke son a ga cikin gidansa ba, kuma akwai mazan da daga ranar da suka ji ana kunna kyamara karatun ya ƙare ke nan. Ga data. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a farkon 2025, bidiyo ya zama abin masu hali.

Tsohon Firinsifal: To Hajiya ta yaya za ki san suna nan?

Hajiya mai Islamiyya, Kaduna: Da muryarsu, Baba. Ni fa na bar darasin kai-tsaye gaba ɗaya sai ranar Asabar. Sauran kwanaki a WhatsApp muke. Bayan sallar Asuba ina tura saƙon murya, in biya musu ayoyi biyar, bai wuce minti uku ba. Kafin Isha kowace ta turo nata karatun da muryarta. Wadda ba ta turo ba, ba ta da ƙari gobe. Wannan ai ba sabon abu ba ne, haka aka yi mana a makarantar allo, ba a wanke maka allo sai ka kawo na jiya.

Da suka kai 60 na ga ba zan iya sauraron kowa ba, har kunnena ya fara ƙara. Sai na tuna yadda alarammomi ke yi, ai ba su ke biya wa kowane ƙolo ba, gardawa ke yi. Na raba su shida-shida, na ɗora wadda ta fi ƙarfi a kan kowane rukuni. Ita ke fara saurara ta gyara, ni kuma in ɗauki biyu daga kowane rukuni ba tare da sun san wa zan ɗauka ba. Abin mamaki, kunyar junansu ta fi tsorona aiki. A babban zaure mutum na iya ɓuya, a cikin mutum shida ina za ka ɓuya?

Malamar Bayoloji, Kano: Hajiya wannan ta shige ni. Amma ta yaya kike sanin sun saurari naki saƙon?

Hajiya mai Islamiyya, Kaduna: Ki danne saƙon muryar, ki shiga wurin bayanin saƙo, zai nuna miki waɗanda suka kunna da waɗanda ya isa wayarsu kawai. Amma kada ki dogara da shi sosai, ƙanwata. Wata za ta kunna ta ajiye ta tafi wanke-wanke. Abin da ta dawo miki da shi ne shaida.

Uban yara uku, Gusau: Malamai ku bari mu iyaye mu sa baki. Ƙarfe nawa kike yin darasin, Malama?

Malamar Bayoloji, Kano: Huɗu da rabi zuwa biyar da kwata.

Uban yara uku, Gusau: To ga shi nan. A gidana babbar waya ɗaya ce, kuma tana aljihuna a kasuwa har Magariba. Yarinyata ba ƙin karatu take ba, wayar ce ba ta gida. In na dawo kuma caji ya kusa ƙarewa, in ba wuta sai a kai shago. Ga islamiyyar yamma da yawancin yaran ke zuwa a daidai lokacin nan. Kafin ki ce sun gudu, ki bi iyayen ɗaya bayan ɗaya ki tambaya wayar wa yaron ke amfani da ita, kuma yaushe take hannunsa. Mu bayan Isha ya fi mana.

Malamin Lissafi, Zariya: Alhaji ya faɗi gaskiya. WhatsApp na da wurin jefa ƙuri'a, ki sa lokuta uku su zaɓa. Amma iyayen za ki tura wa, yaran duk wanda ka ba su za su ce to.

Mushe (malamin boko) daga Maraɗi: Salamu alaikum. Mu nan rezo, wato sabis, ba ya barin mu yin bidiyo ko da muna so, kuran, wato wutar lantarki, kuma sai ta ga dama. Da nake shirya yaran BEPC, jarrabawar ƙarshen ƙaramar sakandare a nan Nijar, a takarda nake rubuta darasin da hannuna, shafi guda tak, in ɗauki hoto in tura, in bi shi da murya. Amma ina barin gurabe uku ko huɗu ban cika ba. Amsar tana cikin muryar, sai ka saurara za ka same ta. Yaro ya kwafe a littafinsa, ya cika guraben, ya ɗauko hoto ya maido mini. Wanda ba ya da salula yana kwafa wurin abokinsa na lakwal, wato makaranta, a haɗo hotunan biyu a turo.

Admin: Mushe wannan dabara ta gurabe ai sai a ba ka lambar yabo.

Ɗalibar jami'a: Malamaina ku yi mini afuwa, ni ɗaliba ce, bari in faɗa muku ta ɓangarenmu. Lokacin yajin aikin ASUU na 2022, wata takwas muna gida, na shiga azuzuwan intanet har uku don kada kaina ya yi tsatsa. Biyu na gudu. Malaman karanta mana abin da ke rubuce a allon suke yi, abin da ni ma ina da ido. Na ukun na zauna har ƙarshe, kuma dalilin ƙarami ne. Ranar farko na tura aiki, washegari malamin ya buɗe darasi da cewa wance ta bi wata hanya daban, ku zo mu duba. Amsar tawa ma ba daidai ba ce. Amma daga ranar na san akwai mai karanta abin da na tura.

Sai maganar naɗar darasi. In kun ce za ku tura bidiyon daga baya, wallahi ba ma zuwa, kuma ba ma kallo. Ina da bidiyo sun fi 20 a wayata da na ce sai anjima.

Uban yara uku, Gusau: A'a 'yata, kada ki sa a hana mu. Wanda wuta ta yanke masa fa?

Ɗalibar jami'a: Baba ba hanawa nake nufi ba. A tura taƙaitawar minti huɗu da murya, da tambaya ɗaya da sai an amsa kafin darasi na gaba. Awa guda ce ba mai buɗewa.

Malamin Kwamfuta, Bauchi: Kayan aiki kaɗan. Google Forms na iya zama jarrabawa mai duba kanta, ki sa tambayoyi goma irin na zaɓi, ki ga wace tambaya ce ta kayar da yawancinsu, da ita za ki fara gobe. Telegram ma yana da ƙuri'a irin ta kacici-kacici, yaro na taɓawa zai ga ko ya ci. Akwai kuma Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a 2022 tare da UNICEF da Microsoft, darussan kyauta ne bisa manhajar karatunmu. Sai dai kada ki tara musu manhajoji. Wayoyin nan a cike suke, kina cewa a sauke sabuwa kin rasa mutum biyar. Ki zaɓi ɗaya ki tsaya a kanta.

Tsohon Firinsifal: Duk wannan ai kwafa za su yi daga ChatGPT su manna muku.

Malamin Kwamfuta, Bauchi: Suna yi kuwa, ranka ya daɗe. Shi ya sa nake cewa a yi mini bayanin da murya, da Hausa, cikin minti ɗaya, kamar kana gaya wa ƙaninka. Wanda ya kwafo Turancin da bai gane ba, a nan yake tsayawa cak.

Malamin Lissafi, Zariya: Ni na taɓa gwada kyautar katin waya ga wanda ya fara amsawa. Ban ba da shawara ba. Yara uku ne suka riƙa cinyewa, masu sabis mai ƙarfi, sauran suka zuba ido. Da na daina kuma har ukun suka yi sanyi.

Hajiya mai Islamiyya, Kaduna: Malama ke da ma darasinki a cikin gida yake. Zagayawar jini kika ce? Ki sa kowa ya dafa wuyan hannunsa ya ƙirga bugun zuciyarsa.

Malamin Lissafi, Zariya: Yawwa! Daƙiƙa 15, ya ninka sau huɗu, ya rubuto. Sannan ya tashi ya yi tsalle 20 ya sake ƙirgawa. Lamba biyu kowa zai turo, kuma ba mai iya kwafar zuciyar wani. In kin zo kan yadda ruwa ke ratsa tantanin ƙwayar halitta, a yanka dankali biyu, ɗaya a ruwan gishiri ɗaya a ruwa zalla, da safe a ɗauko hoto.

Uban yara uku, Gusau: Dankalin dai a sanar da iyaye mata tukuna, kar a ja wa yara duka.

Malamar Bayoloji, Kano: Salam. Na dawo da rahoto. Na kira iyaye 30, huɗu ban same su ba. Goma sha bakwai wayar uba ko ta yaya ce. Mun koma takwas da rabi na dare, minti 35. Daren jiya 23 suka shigo, 19 suka turo lambobin bugun zuciya. Wata ta rubuto 240, ashe ta ninka sau huɗu, ta sake ninkawa sau huɗu. Da nata muka fara, ita da kanta ta gano kuskuren tana dariya. Yaron gawayi shi ya fara turowa. Rukunonin ne ban kafa ba tukuna. Hajiya, maza da mata kike ganin in raba, ko in bi ƙarfin karatu?

Hajiya mai Islamiyya, Kaduna: Ki raba, iyaye za su fi sakin jiki. Kuma ki kasance cikin kowane rukuni ko ba za ki ce komai ba. Kada ki naɗa wanda ya fi kowa ƙoƙari in mai girman kai ne, na yi wannan kuskuren sau ɗaya, rukunin ya watse cikin mako biyu.

Mushe daga Maraɗi: Sauran 11 ɗin fa, Madam?

Malamar Bayoloji, Kano: Shida sun ce dare bai yi musu ba, wayar na komawa hannun masu ita. Su zan gwada wa shafinka mai gurabe daga Litinin. Biyar ɗin har yanzu ban ji ɗuriyarsu ba, gobe in na tashi daga makaranta zan biya ta gidan biyu da ke kan hanyata.