A ina kuke tono sabbin manhajojin da ba a san su ba, kuma me kuka gani bayan kun gwada?

Mai buɗe zance:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwanan baya na rasa yadda zan tura wani bidiyo mai nauyi daga waya zuwa kwamfuta, igiyar ta ɓata, data kuma ba za ta kai ba. Wani abokin aikina ya ce in sa LocalSend a duka biyun. Na sa, na haɗa su a kan waifai ɗaya, nan take suka ga juna, bidiyon ya tsallaka. Ba rajista, ba imel, bai ma bi ta intanet ba. Abin ya tsaya min a rai, don na daɗe ina shan wannan wahala alhali maganinta yana nan kyauta, ban taɓa jin sunansa ba. Don Allah masu bibiyar irin waɗannan abubuwa, a ina kuke samo su? Wanda ya ji daɗi ya faɗa, wanda ya ƙone ma ya faɗa, mu ƙaru da juna.

Mai rubuta manhaja:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wurare biyu nake leƙawa kusan kullum. Na farko Product Hunt, wanda Ryan Hoover ya fara a 2013. Kowace rana masu ƙananan kamfanoni suna baje sabon abin da suka ƙera, jama'a su jefa ƙuri'a, a jera su daga mai yawa zuwa mai kaɗan. Amma kada yawan ƙuri'a ya ruɗe ka. Wanda yake da dubban mabiya zai tara jama'arsa ranar ƙaddamarwa ya hau sama, ko da abin nasa bai nuna ba. Ni daga tsakiyar jerin zuwa ƙasa na fi samun abin kirki.

Na biyu Hacker News na kamfanin Y Combinator, musamman sashen da ake kira Show HN, inda mutum yake nuna abin da ya gina da hannunsa. Shafin ba ado, rubutu ne zalla, amma masu sharhin ba sa rufa wa kowa asiri. Za ka ga wani ya tambaya ina ake ajiye bayanan mutane, wani ya ce ya gwada ta maƙale masa a wuri kaza, mai abin kuma ya fito ya amsa. Yadda ya amsa shi nake dubawa: in ya karɓi gyara ya yi bayani dalla-dalla, sai in gwada, in ya kama kame-kame, in wuce. Su ma masu sharhin sukan yi kuskure fa. A 2007 Drew Houston ya nuna Dropbox, manhajarsa ta ajiye fayiloli a intanet, a wannan shafi, aka samu wanda ya ce mai amfani da Linux, wata babbar manhajar sarrafa kwamfuta irin Windows, zai iya haɗa irinsa da kansa cikin sauƙi. Kowa ya ga inda Dropbox ya kai.

Malamar makaranta:

Ni dai ina cikin waɗanda suka ƙone, kuma har yau in na tuna sai raina ya sosu. Na samu wata 'yar manhajar rubutu mai kyan gaske, ba zan faɗi sunanta ba. Kana rubutu a waya, ka buɗe kwamfuta ka tarar da shi yana jiranka. Na kwashe shirin darussana kaf na zuba a ciki, da tambayoyin jarrabawa, da 'yan bayanan da nake yi a kan kowane ɗalibi, wane yana jan ƙafa a karatu, wance tana buƙatar a zaunar da ita a gaba. Kusan shekara biyu ina tarawa.

Wata safiya na buɗe, sai farin shafi da sanarwa cewa sun rufe. Ashe sun turo imel tun makonni da suka wuce, ya faɗa akwatin tarkace ban gani ba. Na bi na rubuta musu, bayan kwanaki suka turo min wani fayil. Da na buɗe shi, rubutuna yana ciki, amma a cakuɗe da alamomi da baka-baka, taken darasi ya manne da jikinsa, hotunan da na ɗauka na allo kuwa babu ko ɗaya. Hutu guda na ɓatar ina tsince su ɗaya bayan ɗaya. Ba na ganin baƙin yaran da suka gina ta, ƙila kuɗi ne ya yanke musu. Amma tun daga ranar, duk manhajar da zan gwada, kafin in rubuta harafi ɗaya sai na shiga saituna na nemo wurin fitar da bayanai. In rubuta layi uku na gwaji, in fitar, in buɗe da wata manhajar daban. In ya buɗu lafiya mu ci gaba, in bai buɗu ba in goge ta a take.

Mai rubuta manhaja:

Sannu Malama, Allah ya mayar da alheri. Abin da kike yi yanzu shi ne daidai, kuma ba ƙananan kamfanoni kaɗai ba ne suke rufewa. An rufe Google Reader a Yulin 2013. Microsoft ta sayi Wunderlist a 2015, aka rufe ta a 2020. Notion ta sayi Skiff a farkon 2024, masu akwatin imel a can suka kwashe kayansu cikin watanni. Mozilla ta rufe Pocket a Yulin 2025. Sau da yawa ma samun karɓuwa ne yake jawo rufewar, don babban kamfani yakan sayi ƙarami saboda ma'aikatansa, manhajar kuma a jingine ta. Shi ya sa na mayar da rubutuna Obsidian, wadda take ajiye komai a matsayin fayil na rubutu zalla a cikin na'urarki. Ko gobe kamfanin ya ɓace, fayilolin suna hannunki, kowace manhajar rubutu za ta buɗe su.

Mai zanen talla:

Ni hanyata daban ce, ba na yawon kallo. Sai buƙata ta kama ni nake fita nema, kuma AlternativeTo nake nufa. Ka rubuta sunan manhajar da ka sani, ya jero maka masu yin irin aikinta, ka tace: kyauta kawai, ko mai aiki a Android, ko wadda aka bar lambobin da aka gina ta da su a buɗe kowa ya duba. A nan na samu Photopea ranar da aka turo min fayil ɗin Photoshop ina kan kwamfutar aro. A cikin burauza take aiki, ba a sauke komai, ta buɗe min fayil ɗin da shimfiɗunsa duka, na gyara rubutun na mayar. Da na ji cewa mutum ɗaya ne, Ivan Kutskir, ya gina ta, sai da na jinjina kai. Excalidraw ma haka na same ta, da ita nake zana wa mai aiki tsarin abu kafin in fara.

Akwai gwajin da nake yi wa kowace sabuwa, wanda masu sharhin waje ba za su taɓa yi mana ba. Ina rubuta “ƙwaƙwalwa, ɗanɗano, ɓarna” in zuba ido. Wata sai ta mayar da ƙ ɗan akwati, wata ta aro ɗ daga wani salon rubutu ya fito ya fi 'yan'uwansa ƙiba. In ta faɗi wannan, komai kyanta ba ta yi min ba.

Ɗalibi:

Yaya mai zane, maganarka ta taɓa ni. Akwai lokacin da kullum sai na sauke sabuwar manhajar tsara karatu. Na tara guda bakwai, kowace na shafe dare ina jera mata launuka da jadawali, karatun kuwa yana nan inda na bar shi. Yanzu na bar ɗaya, kuma ba na ƙara wata sai na iya faɗin matsalar da za ta warware min a jimla guda.

Mai kula da kwamfutocin ofis:

Bari in ƙara abin da ba a taɓo ba, wato izinin da muke bayarwa ido rufe. Mun taɓa samun wata ma'aikaciya da ta liƙa wa burauzarta wata 'yar manhajar ɗaukar hoton shafi. Bayan watanni sai tallace-tallace suka fara ɓullo mata a shafukan da ba su da talla, bincikenta kuma yana karkata wani wuri. Da na duba, izinin da ta amince da shi tun farko shi ne karantawa da sauya komai a duk shafin da ta buɗe, har da na imel ɗin aiki. Irin waɗannan sukan fara da gaskiya, daga baya mai su ya sayar wa wanda ba a sani ba, sabon ya cusa abin da ya so ta hanyar sabuntawa. Haka ta faru da The Great Suspender, wadda mutane da yawa suka yarda da ita: ta sauya hannu a 2020, Google ta cire ta daga rumbun Chrome a Fabrairun 2021 saboda mugun abin da aka samu a ciki.

Ni imel na musamman nake da shi don gwaji, da kalmar sirri daban ga kowace manhaja. Lokaci-lokaci nakan sa imel ɗin a Have I Been Pwned in ga ko ya fita a wani kutse. In abin yana GitHub, shafin da masu gina manhajoji suke ajiye lambobinsu, ina duba ranar da aka taɓa shi na ƙarshe da yadda ake amsa ƙorafe-ƙorafe. Taurarin yabo dubu da jama'a suka ba shi a can ba su burge ni in an shekara biyu ba wanda ya leƙo. Masu Android kuma su san F-Droid, rumbu ne na manhajojin da lambobinsu suke a buɗe, yana ma nuna maka in manhaja tana bin sawunka ko tana ɗauke da talla.

Mai ƙaramar sana'a ta intanet:

Kada dai tsoro ya hana mu gwadawa, don akwai daɗin da ba a samu wurin manya. Ina amfani da wata 'yar manhajar rubuta rasit ta mutum biyu kacal. Na rubuta musu cewa sunan mai saye in ya yi tsawo yana yankewa a takarda. Washegari ɗaya daga cikinsu ya amsa da kansa, ya nemi in turo hoton, kafin mako ya zagayo sun gyara. Ina biyansu wata-wata da daɗin rai. Wadda ta ce komai kyauta ne har abada, ba talla, ba a kuma ga inda take samun na biyan ma'aikata ba, ita ce take sa ni ɗar-ɗar.

Mai buɗe zance:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malama, ina gama karanta naki na shiga manhajar da nake ajiye lissafin aikina, na laluba saituna sama da ƙasa, babu wurin fitar da bayanai ko ɗaya. Na tura musu saƙo ɗazu ina tambaya. Kafin su amsa na fara kwafe na wannan shekarar da hannu zuwa jadawali na yau da kullum, na kai watan huɗu. Malam mai kula da kwamfutoci, in ka samu sarari, nuna min inda ake duba izinin da na riga na bai wa manhajoji a asusuna na Google, don na san na danna “amince” sau da yawa ban karanta ba.