Neman shawara: fim ɗin waɗanda suka maƙale a teku, wanda za a iya kallo da yara

Uwar gida: Assalamu alaikum 'yan uwa. Maigidana da yaranmu suna son fina-finan ban tsoro na mutanen da suka maƙale a tsakiyar teku, ba ci ba sha. Damuwata biyu ce: ba na son wanda zai sa in riƙa rufe wa yara ido, kuma Turancinmu ba mai zurfi ba ne. Don Allah wanne za mu nema?

Malamin makaranta: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki nemi All Is Lost na 2013. Jarumin fim ɗin, dattijo Robert Redford, shi kaɗai ne daga farko har ƙarshe, kuma kusan babu magana a ciki, don haka Turanci ba zai hana ku fahimta ba. Wata kwantena ce da ke yawo a Tekun Indiya ta fasa masa jirgi yana barci. Sai ku ga yana liƙe ɓarakar, guguwa ta zo ta ƙarasa jirgin, ya koma kwale-kwalen roba, ruwan shansa ya gauraye da na gishiri, har ya riƙa tara raɓa da jarka da leda. Babu dodo, amma wallahi ƙishirwar dattijon nan ta fi dodo tayar da hankali. Akwai wuri ɗaya da ya ƙunduma ashar, ki lura.

Ƙanwarku: Anti, ki guji Open Water na 2003 idan da yara, akwai tsiraici tun farkonsa. Ga manya kuwa ban ga wanda ya kai shi ba. Mata da miji ne suka je nutso, ma'aikatan jirgi suka yi kuskuren ƙirga mutane suka tafi suka bar su, kifayen shak, manyan kifaye masu kai wa mutane hari, na zagaye su. An samo labarin daga abin da ya faru da Tom da Eileen Lonergan a gaɓar Ostireliya a 1998, waɗanda sai bayan kwana biyu aka gane ba su dawo ba, kuma ba a ga gawarsu ba. Mantuwar nan ce ta fi tsaya mini a rai.

Mazaunin Legas: Ni dai Hajiya, kafin kowane fim ki nuna musu bidiyon Harrison Okene. Ɗan Najeriya ne, mai dafa abinci a jirgin Jascon-4 da ya kife a tekun Najeriya a watan Mayun 2013. Ya yi kusan awa 60 a ƙarƙashin ruwa, zurfin kimanin mita 30, cikin duhu, yana shaƙar 'yar iskar da ta maƙale a wani lungun jirgin. Masu nutso sun je kwaso gawarwaki, sai hannu ya kamo ɗayansu. Cikin mutum 12 shi kaɗai Allah ya yi wa sauran kwana.

Ƙanwarku: Amma idan akwai ƙaramin yaro kada a kunna da daddare, zai iya kasa barci.

Uwar gida: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Autana shekararsa takwas, don haka da rana za mu kalla. Malam, shin dattijon ya tsira a ƙarshe? Yarana ba sa jure ƙarshe mai ɗaci.

Malamin makaranta: Hajiya, har yau masu kallo na gardama a kan wannan. Ki fara kallon mintuna goma na ƙarshe ke kaɗai, sannan ki yanke hukunci.